Tambayi Likitan Dabbobi: Ƙuraje a leɓen 'yan awaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon awaki biyar a gidana da ke Rigasa. Kwana goma da na sayo wata akuya a kasuwar Zango, sai ƙuraje suka feso wa 'yan awakina biyu a leɓe, suka yi ɓawo, yanzu ko nono ba sa iya kamawa. Maƙwabciyata ta ce in kankare ɓawon in shafa baƙin mai. In yi? Daga wata mai karatu, Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki kankare, baƙin mai kuwa ko kusa. Guba ce, kuma duk abin da aka shafa wa dabba a baki, lashe shi za ta yi.

Yadda kika bayyana, ya fi kama da ciwon da mu likitoci ke kira orf. Ƙwayar bairas ce ke kawo shi, don haka allurar antibayotik ba ta taɓa ta, sai dai in gyambon ya yi mugunya. Yakan warke da kansa cikin mako 3 zuwa 4. Abin da ke kashe ƙananan shi ne yunwa, saboda zafin baki ya hana su tsotso. Nan nake so ki dage. Ki riƙa tatso uwar kina ba su da cokali ko kwalba, kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini. Ki wanke leɓen da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki ɗiga shuɗin maganin nan na gyambo da ake kira GV. Ki kuma duba hantsar uwar, don 'ya'yan kan shafa mata, in ta ji zafi sai ta riƙa harbinsu.

Ki sa safar hannu, ko leda ma ta yi, domin ciwon yana kama mutum. Ina ɗalibi a Zariya na riƙe bakin wani ɗan rago da hannu tsirara, na yi fiye da wata guda da ƙurji a babban yatsa. Ɓawon da ya faɗo ki share ki ƙone, ƙwayar kan yi watanni a cikinsa a busasshiyar ƙasa.

Abin da ya fi damuna ita ce sabuwar akuyar. Yau ki buɗe bakinta da na sauran ki leƙa dasashi da harshe. In kin ga gyambo a ciki mai wari, ga majina, ga kwantsa a ido, ga zawo, to wannan PPR ce, annobar da kan share garke. Ki ware mai ciwon, ki kira likita a ranar. Akwai rigakafinta da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato, allura ɗaya kan kare dabba shekara 3. Nan gaba duk wadda kika sayo, ki ɗaure ta a gefe mako 3 tukuna, da kwanon ruwanta daban.