Hukuncin Sanya Na'urar Sa Ido a Motocin Dakon Kaya Don Hana Satar Mai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina da manyan motoci 14 na dakon kaya, kuma na daɗe ina ganin kuɗin man dizal yana hawa alhali tafiyar motocin ba ta ƙaru ba. Sai na sa aka ɗaura wa kowace mota na'urar bin diddigi, aka kuma saka ma'aunin mai a cikin tankunan. A watan farko na'urar ta nuna cewa lita 60 sun fita daga tankin wata mota cikin minti 20 da tsakar dare, motar tana tsaye. Direban ya rantse bai san komai ba, sauran direbobin kuma suka ce abin da na yi leƙen asiri ne wanda Alƙur'ani ya hana. Shin ya halatta in ci gaba? Zan iya cire kuɗin man daga albashinsa? Ina kuma tunanin sa kyamara mai ɗaukar murya a inda direba yake zama.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Sanya na'urar da ke nuna inda mota take da yawan man da ke cikin tankinta halas ne, ba shi cikin leƙen asirin da Allah ya hana. Motar taka ce, man kuma dukiyarka ce da ka damƙa wa direba amana domin aiki sananne, mai dukiya kuwa yana da haƙƙin sanin halin da dukiyarsa take ciki. Shari'a ma ta yi umarni da tsare dukiya, domin ya tabbata a Buhari da Muslim daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah yana ƙin tozartar da dukiya. Abin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana shi ne bin diddigin al'aurar mutane da tono abin da suka suturta na rayuwarsu, wanda babu haƙƙin mai tonon a cikinsa. Tankin motarka ba sirrin direba ba ne. Binciken ma'aikaci a kan abin da aka ba shi riƙo sunna ce tabbatacciya: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo sai ya yi masa lissafi, kuma da ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi bai karɓa masa ba. Idan an yi wa sahabi lissafi, babu direban da zai ce yi masa lissafi cin mutunci ne.

Sai dai ina ganin wajibi ne direbobin su san da na'urar, a rubuta a cikin yarjejeniyar aiki abin da take aunawa da wanda zai riƙa duba bayananta. Wanda ya ɓoye ta yana jira ya kama mutum, tarko ya ɗana, ba tsare dukiya ya yi ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi ya ce idan ka bibiyi al'aurar mutane za ka lalata su, ko ka kusa lalata su. Na'urar da kowa ya san da ita tana hana ɓarna tun kafin a yi ta, tana kuma wanke mai gaskiya daga zargi, wannan kuwa ya fi kamun ɓarawo alheri.

Su kuma direbobi su sani cewa zuƙe mai da tiyo a zuba a jarka, ko haɗa baki da mai zuba mai a rubuta lita 300 a rasit alhali 250 aka zuba, ko zuba wa wata mota mai da katin kamfani, duk ha'inci ne da cin dukiyar mutane da ɓarna, wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta haramta. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa duk wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye allura ko abin da ya fi ta, zai zo da shi ranar ƙiyama. Wanda ya sayi wannan mai yana sane da asalinsa abokin tarayya ne a zunubi. Ba hujja ba ce a ce mai mota yana tauye albashi, domin Annabi ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya ci karo da dukiyar mai danne masa haƙƙi, amma ko waɗanda suka sassauta ba su buɗe ƙofar da ma'aikaci zai riƙa yanka wa kansa ƙarin albashi daga tanki bisa kintacensa ba. Wannan laifi a fiƙihu sunansa ha'inci, ba sata mai wajabta haddi ba, saboda hadisin Jabir da ke cewa babu yanke hannu a kan maha'inci; rashin haddin kuwa bai ɗauke zunubi ko wajibcin biya ba.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne batun cire kuɗi daga albashi, domin a nan ne masu motoci da yawa suke faɗawa cikin zalunci suna zaton haƙƙinsu suke karɓa. Direban da ke aiki a ƙarƙashinka kai kaɗai a kan albashi shi ne malaman fiƙihu suke kira ajirun has, wato ɗan ƙodago keɓantacce, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa amintacce ne: ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in an tabbatar ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Ka'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Kai ne mai da'awa. Tambayar da ta rage ita ce ko abin da na'urar ta nuna ya kai matsayin hujja.

Abin da na'ura ta nuna alama ce, wadda malamai suke kira ƙarina, kuma shari'a tana aiki da alamu. A Suratu Yusuf an gane mai gaskiya ta hanyar duba ko rigar ta yage ta gaba ko ta baya. Amma a cikin surar dai an kawo riga da jinin ƙarya, Annabi Yaƙub kuma bai ruɗu da ita ba. Wato alama tana da ƙarfi tana da rauni, sai an auna ta. Ma'aunin da ake sakawa a tanki tsayin man yake aunawa, sa'an nan kwamfuta ta juya wannan tsayi zuwa lita bisa jadawalin da aka yi ranar da aka ɗaura shi, lokacin da aka riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan ana rubutawa. Idan an yi wannan awo da ganganci, ko tankin ya lotse daga baya, duk lissafin da zai biyo baya karkatacce ne. Mota idan ta tsaya a gangara man yakan taru a gefe ɗaya, idan tana tafiya a hanya mai gargada yakan yi ta tangaɗi, motar da ke da tanki biyu masu haɗe kuma man yakan ƙaura daga wannan zuwa wancan. Man dizal yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, har bambancin digiri 10 na ma'aunin Salsiyas yakan kai kimanin lita 8 a cikin lita 1000. Injin babbar mota da aka bari yana aiki tana tsaye yakan sha kusan lita 3 a awa ɗaya. Nauyin lodi, da taya mara isasshiyar iska, da nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin injin, idan ya lalace, da cunkoso, duk suna ƙara shan mai ba tare da kowa ya taɓa tanki ba. Saboda haka ƙaramin giɓi tsakanin abin da aka zata da abin da aka gani ba a gina hukunci a kansa ko kaɗan, kuma wanda ya yanke wa direba kuɗi a kan irin wannan ya ci haram.

Mas'alarka ta fi wannan ƙarfi, ban ɓoye maka ba. Lita 60 cikin minti 20, mota a tsaye, ba zafi ko sanyi ne ya kawo shi ba. In na'urar lafiyarta ƙalau, to an cire mai ko ya zube. Amma ka lura da iyakar abin da ta shaida: ta ce mai ya fita, ba ta ce ga wanda ya fitar da shi ba. Ɓarayi sukan bi motocin da suka kwana a hanya su ɓalle murfin tanki direba yana barci, yaron mota yana iya yi ba da sanin maigidansa ba, tiyon mai ma yana iya fashewa. Allah ya ce a aya ta 6 ta Suratul Hujurat a yi bincike kada a cutar da mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. Don haka ka sa bakanike ya duba tankin da murfinsa da tiyoyinsa, ka sa wanda ya ɗaura na'urar ya sake gwada ta, ka gwama bayananta da rasit da abin da kwamfutar injin ta rubuta na man da ya ƙone, ka duba ko wurin da motar ta tsaya yana kan hanyar da aka ba shi ko ya ratse. Sa'an nan ka zaunar da direban, ka nuna masa abin da ka gani, ka saurare shi.

Idan ya amsa laifi, ko shaidu suka tabbatar, ko alamu suka taru har ba su bar wata fassara ba, kamar a ga abin yana maimaituwa a wuri ɗaya da ba ya kan hanya, kuma kullum a hannunsa, to ya wajaba ya biya daidai abin da ya salwanta, lita 60 ko ƙimarsu, ba tare da ƙari ba. Tara ta ninki ba taka ba ce. Malaman da suka halatta horo da dukiya ma a hannun hukuma suka sa shi. Idan ya yarda a riƙa cirewa daga albashi, a rarraba yadda ba zai bar iyalinsa da yunwa ba. Idan ya musanta, ba ka zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci ɗaya, sai ku je gaban alƙali ko wanda kuka yarda da shi ya raba ku, tare da kiyaye dokar ƙwadago ta ƙasar da kake aiki. Idan ta bayyana wasu ne suka sata, sai a duba sakaci: in ka ba shi umarnin kwana a wuri mai tsaro ya saɓa ba da uzuri ba, ko ya bar tanki ba kulle alhali ka ba shi makulli, zai biya, in ya yi abin da direba mai hankali yake yi, asarar taka ce. Sharaɗin da wasu suke rubutawa cewa duk man da ya ɓace direba ne zai biya ko ta wane hali, mafi yawan malamai ba su inganta irinsa ba, domin yana mayar da amintacce mai lamuni. In kuwa zuciyarka ta kasa natsuwa da shi alhali ba ka da hujja, kana iya rabuwa da shi bisa ƙa'idar yarjejeniyarku, ka biya shi haƙƙinsa cif, kada kuma ka bi sauran masu motoci kana ce musu ɓarawo ne.

Akwai wata mas'ala da take yawan haddasa wannan rigima, ko da yake ba ka tambaye ta ba, ita ce ragowar mai. Idan an ba direba lita sananniya domin tafiya, ya yi tuƙi da kula har ya rage, ragowar ta mai mota ce, sai fa idan tun farko an yi da shi cewa abin da ya rage nasa ne. In an yi haka halas ne gare shi, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Ina ba ka shawara ka fayyace wannan a rubuce, ka kuma ware wani kaso na abin da aka yi tsiminsa ya zama lada ga direban da ya kiyaye. Ka binciki kanka ma a kan albashi da kuɗin hanya, domin Buhari ya ruwaito cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya ci moriyar aikinsa bai ba shi ladansa ba.

Game da kyamara, wadda take kallon hanya ko take kallon tanki babu laifi a cikinta. Wadda take kallon direba yayin tuƙi domin gane gyangyaɗi ana iya yarda da ita in ya sani ya kuma amince, da sharaɗin a kashe ta ko a rufe ta idan ya tsaya hutu, tunda a nan yake kwana yake canja tufafi. Ɗaukar murya kuwa ban ga halaccinsa ba, domin ba ya tsare ko lita ɗaya, abin da zai kwaso maka shi ne hirarsa da matarsa da 'ya'yansa a waya, wannan kuma shi ne ainihin leƙen asirin da direbobinka suka ambata. Haka nan bin diddigin wayarsa ta kansa bayan ya sauka daga aiki bai halatta ba. Bayanan da na'urorin suka tara amana ne a hannunka, kada wanda ba aikinsa ba ne ya gan su, kuma a goge su idan buƙatarsu ta wuce.

Wallahu a'alam.