Wane harshe za ka koya don aikin fassara? Amsa ga ɗan ƙanwata

Ɗana, saƙonka ya iso. Tambayar da kowa ke aiko mini ita ka aiko: "Kawu, Sinanci zan koya ko Jamusanci ko Faransanci, wanne ya fi kawo kuɗi a fassara?" Na ga ma zuciyarka ta riga ta tafi ga Sinanci, wai don Sin ce ke tashe. Zan amsa a fili, ko na huta da maimaitawa.

Ka tsallake abin da ya fi muhimmanci. A wannan sana'a mutum yana fassarawa ne zuwa harshen da ya fi ƙarfi a ciki. Ƙungiyar tafintocin manyan taruka ta duniya, AIIC, wadda aka kafa a 1953, ta kasa harsunan tafinta uku: A shi ne naka na asali, B wanda ka ƙware har kana iya mayar da magana cikinsa, C kuwa wanda kake ji sarai amma ba ka fassarawa zuwa cikinsa. Mai biyanka shafin da ka miƙa masa yake dubawa, ba ya tambayar harsuna nawa kake gaisuwa da su. Saƙon naka rabi Hausa ne rabi Turanci, kuma a cikinsu babu wanda ya tsaya da ƙafarsa. Kafin ka ɗauko na uku, gyara biyun nan.

To, Sinanci. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, amma Sinanci da Larabci da Japananci kimanin awa 2,200. Wannan kuma matakin iya aiki ne kawai, na fassara yana gaba da nisa. Ranar da ka gama wahalar, da wa za ka yi takara? Da Sinawan da suka sha harshen a nono sannan suka karanci Turanci. Ko a Majalisar Ɗinkin Duniya, tafintocin sashen Sinanci da na Larabci su ne ke mayar da magana cikin harshensu su kuma fitar da ita zuwa wani harshen, ba sa jiran baƙo. Idan tafinta za ka yi wa 'yan kasuwa ko a wurin gine-gine, akwai abin yi. Amma ba shi ka ce kana so ba.

Ni Faransanci zan ce maka, ba don a ƙasar masu jinsa nake zaune ba. Turanci da Faransanci su ne harsunan aikin sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, su ne na Kotun Hukunta Manyan Laifuka da ke Hague, su ne na Bankin Raya Afirka da ke Abidjan. ECOWAS da su take aiki, tare da harshen Fotugal. Wannan na ukun ma kada ka raina shi: akwai Angola da Mozambik da Gini Bisau, masu haɗa shi da Turanci ba su da yawa, kuma wanda ya riƙe Faransanci ba ya shan wuya wajen ƙara shi. Larabci yana da kasuwa babba idan kana da tushe, sai dai Larabcin littafi daban, na kwangila da dokar haraji daban, na bakin mutumin Maroko a gaban alƙali kuma wata duniya ce. Jamusanci sai in a ƙasar masu jinsa za ka zauna.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa na'ura ce. Tun da Google ya sauya salon fassararsa a 2016, manhajar fassara ta DeepL ta fito a 2017, kamfanonin da ke raba mana aiki suka canza fuska. Wani da na daɗe ina yi wa aiki, ban taɓa saɓa masa lokaci ba, rana ɗaya ya fara turo mini abin da na'ura ta tofar, wai in "ɗan duba", ya kuma zaftare ladan. Ɗan dubawar nan sau da yawa ta fi fassara daga farko wahala, domin jimlar tana da santsi, kuskuren yana kwance a ƙarƙashi. Kuma in an samu matsala, sunana ne a kan takardar. Saboda haka harshe shi kaɗai ba ya ciyar da kowa yanzu. Sai ka haɗa shi da fanni, shari'a ko likitanci ko harkar kuɗi, inda kuskure ke da tsada har mutane ke tsoron barin na'ura ita kaɗai.

Abin da ban zata ba, Hausa ce ta fara biya mini kuɗin haya. Kotuna da asibitoci da ofisoshin masu neman mafaka suna neman mai Hausa da harshen ƙasar, kuma mu kaɗan ne. Da ita na tsaya har na samu shiga inda ake kallona sama da ƙasa a da. Sai dai aikin ba shi da tabbas, wani watan a yi ta kiranka, wani watan shiru. Kuma za ka zauna tsakanin jami'i da ɗan'uwanka yana ba da labarin abin da ya gani a Sahara ko a teku, ba ka da ikon ƙara masa kalma ko rage ta, ko da ka ga amsar tasa za ta kashe shi.

Kada kuma ka ɗauka iya harshe zai ba ka biza. Yawancinmu aikin kanmu muke yi, kuma sai da takardar zama ake yin sa. In da gaske kake, nemi shaidar ƙwarewa a Faransanci ta DALF matakin C1 tukuna, sannan ka duba makarantun fassara: ESIT a Paris, ta Jami'ar Geneva, ko ASTI da ke Buea a Kamaru, wadda ba sai ka tsallaka teku ba. Dukkansu sai ka ci jarrabawar shiga. Kafin nan, ɗauki shafi ɗaya na labarin jarida na Turanci ka mayar da shi Hausa, ba tare da manhaja ba, ka turo mini. Ka gaida mahaifiyarka.