Shaidar iya Turanci ga mai neman bizar aiki ta Birtaniya

TAMBAYA: Na samu aiki a Ingila, ina da digiri daga jami'ar Najeriya da kiredit na Turanci a WAEC. Sai na sake wata jarrabawa?

AMSA: Malam, sakamakon WAEC ba ya aiki a nan, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Amma digirinka zai iya wadatarwa: ka tura wa Ecctis, hukumar da ke tantance takardun karatu na ƙasashen waje a Birtaniya, takardar digirin da shaidar cewa da Turanci aka koyar da kai, su tabbatar ya yi daidai da na Birtaniya.

In ba haka ba, sai jarrabawar da hukumar biza ta Birtaniya (UKVI) ta amince da ita, kamar IELTS for UKVI ko PTE Academic UKVI. A nan kuɗin mutane ke salwanta. Da yawa suna rubuta IELTS ɗin da ba na UKVI ba, wanda ba shi da lambar da ake cikewa a fom ɗin biza, sai a ƙi karɓa komai yawan makin. Tun daga 8 ga Janairu 2026, matakin iya Turanci na B2 ake nema wa sababbin masu nema, wato 5.5 a IELTS a kowane ɓangare: karatu, rubutu, sauraro da magana. Faɗuwa a ɗaya ta ɓata duka. Sakamakon shekara 2 yake yi, don haka kada ka yi gaggawar rubutawa.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ya nawa lamarin?

AMSA: Malama, idan kin ci jarrabawar Turancin da NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, ta karɓa wajen rajistarki, ta ishe ki.