Tambaya da Amsa: Wane Irin Baki Zan Sa a Yi wa Malafata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ina zaune a Agege, ina aiki a wani ofis a Ikeja. Na ba wani mai yin huluna a Ingila aikin malafar fedora, toka-toka, ta gashin zomo, faɗin bakinta inci 2 da rabi. Yanzu ya aiko yana tambayar yadda za a gama gefen bakin: a bar shi yadda aka yanka, a naɗe shi da ribon, ko a yi masa kalmasa. Da kwat zan fi sa ta, wani lokaci da kaftani in za ni biki. Me zan ce masa? Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ce masa ya yi kalmasa ta ƙasa, wato a lanƙwasa gefen zuwa ciki a bi shi da ɗinki. Ga dalilina.

Ita wannan malafa ba saƙa ta ake yi ba. Gashi ake tarawa, a yi ta murza shi da ruwan zafi da tururi har ya cakuɗe ya zama abu ɗaya, mai kama da kayan jar dara. Shi ya sa ko an yanka ba ya warwarewa, kuma ana iya barin gefen haka nan. Masu son yankakken baki suna da hujja: ya fi sauƙi a ka, ya fi laushi, kuma ba ya rufa wa mugun kaya asiri. Amma gefen da ba shi da mataimaki, ingancin gashin kaɗai ke riƙe shi. Da gashin biba ka saya, wata dabbar ruwa da gashinta ya fi kowanne jure jiƙa, da na ce ka bar shi a yanke ka yi tafiyarka. Gashin zomo na da kyau, ya fi na tumaki nesa, amma inci 2 da rabi na zomo a Legas sai an ba shi abin dogara. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗaga mana ƙafa, ya ɗan huta a Agusta ya dawo a Satumba, kuma ko ranar da ba a yi ruwan ba iskar garin a jiƙe take. Baki marar kauri yana shan wannan danshi a hankali, sai wata rana ka ga nan ya ɗaga, can ya yi laƙwas.

Ribon ya fi kowanne kwalliya, ban musa ba. Shi ake sa wa malafar homburg ta manyan Turawa, kuma Open Road ta kamfanin Stetson, wadda aka san shugaban Amurka Lyndon Johnson da ita, siririn ribon ne a gefenta. Matsalarsa a nan biyu ce. Ribon mai kyau haɗin auduga ne da zaren reyon, in mai aikin bai jiƙa shi ya tsuke kafin ɗinki ba, ruwan farko da ya same ka tsakanin tashar bas ta BRT da ƙofar ofis zai ja shi, bakin ya tattare. Ta biyu, malafa ta gefen bakinta ake ɗaukar ta, don yawan matse ƙoƙonta yana fasa shi. Ke nan kullum yatsunka na kan ribon ɗin, ga gumi ga ƙurar Oshodi. Gashin ana goge shi da buroshi ya koma yadda yake, ribon mai haske kuwa in ya yi baƙi sai dai a farke a sa sabo, kuma ba kowane tela zai iya wannan ɗinki ba. In duk da haka ranka na kan ribon, ka ce a sa siriri, launinsa ya ɗan fi na malafar duhu.

Kalmasa tana ninka kaurin gefen da kayan malafar kanta, babu baƙon abu da zai tsuke daban. Bakin yana samun ƙarfi, in ka karyo gabansa ƙasa ya tsaya inda ka ajiye shi. Akwai ta sama, inda ninkin ke fitowa fili. Na fi son ta ƙasa domin daga sama layin ɗinki kawai ake gani, ba ta yin gasa da aikin wuyan kaftani. Da ma tun mulkin Goodluck Jonathan, 2010 zuwa 2015, duk wanda ya ɗora fedora a kan doguwar riga sai abokai su ce ya koma Bayelsa, jihar shugaban, don da irin wannan shiga aka san shi. Za ka sha wannan tsokana a Agege ko wane baki ka zaɓa.

Abu ɗaya ka tabbatar kafin ya sa almakashi: kalmasa tana cin gefe. Ka rubuta masa ƙarara cewa inci 2 da rabi ɗin bayan an gama ninki kake nufi. Ka kuma sani yankakken baki ana iya sa masa ribon daga baya, ita kalmasa kuwa in ka gaji da ita sai an yanke ta, bakin ya ragu.

Wataƙila a karance-karancenka ka ci karo da abin da ake kira bakin Cavanagh, mai kama da kalmasa amma babu ɗinki ko ɗaya. Tun wajen murzar gashin a masana'anta ake haɗe shi, kuma a tsofaffin malafu ake samunsa. Wanda ya sayo kayan da aka riga aka murza ba zai iya yi maka shi a shagonsa ba, kada ka biya kuɗin wannan suna.

In ruwa ya doke ta, karkaɗe ta, ɗaga bakin sama ko'ina, ka ajiye ta a kan ƙoƙonta, baki na kallon sama, ta bushe a inuwa. Ban da rana, ban da kusa da janareta. Kada ka kulle ta a leda, fumfuna za ta kama fatar cikinta. Akwatin kwali da 'yan ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi sun wadatar.