Me ya sa burauza take nuna min rubutun PHP maimakon shafin da na gina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saka XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwaji, a kwamfutata don in koyi PHP, yaren da ake gina shafukan intanet da shi. Na rubuta fayil na farko, amma in na buɗe shi, umarnin da na rubuta kawai nake gani a allo, wani sa'in ma sauke fayil ɗin take yi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, da wuya mai koyo ya wuce nan bai yi tuntuɓe ba.

Burauza ba ta jin PHP. Abin da ta sani shi ne HTML da CSS da JavaScript. Shi PHP a kan sabar ake gudanar da shi: Apache, wato manhajar sabar da ke cikin XAMPP, ta karɓi buƙata, ta miƙa wa PHP fayil ɗin, ya aiwatar da umarnin, sannan HTML ɗin da ya fito a aika wa burauza. Da zarar ka danna fayil sau biyu don ka buɗe shi, ka tsallake Apache ke nan. Dubi adireshin da ke sama. In ya fara da file:/// to ga matsalarka nan.

Ajiye fayil ɗin cikin C:\xampp\htdocs, ka sa masa suna gwaji.php, ka rubuta layi ɗaya tak a ciki: <?php phpinfo(); ?>. Buɗe allon sarrafa XAMPP, danna Start a gaban Apache, ka jira sunanta ya koma kore. Sai ka rubuta http://localhost/gwaji.php a burauza. Localhost kwamfutarka ce da kanta, wato 127.0.0.1, don haka ko ba ka da data zai yi aiki. In dogon jadawalin bayanan PHP ya bayyana, shike nan.

In har yanzu shiru, duba sunan fayil ɗin da kyau. Windows kan ɓoye ƙarshen suna, Notepad kuma kan liƙa .txt, sai ka ɗauka gwaji.php ne alhali gwaji.php.txt ne. Kuma ka riƙa buɗewa da <?php cikakke, domin gajeren <? ba ko'ina yake aiki ba.

Wani lokaci Apache ce ke ƙin tashi saboda wata manhaja, kamar IIS (sabar Microsoft), ta riga ta tare ƙofa mai lamba 80, wadda Apache ke karɓar buƙata ta cikinta. Buɗe httpd.conf, wato fayil ɗin saitin Apache, mayar da Listen 80 zuwa Listen 8080, ka sake tayar da Apache, adireshin ya koma http://localhost:8080/gwaji.php.

Abu ɗaya nake roƙonka. Da ka gama gwajin, goge gwaji.php, domin yana tona asirin tsarin kwamfutarka ga duk wanda ya buɗe shi. Kada kuma ka buɗe XAMPP ga intanet. Don koyo aka yi shi, har babban asusun MariaDB, rumbun adana bayanai da ke cikinsa, ba shi da kalmar sirri sai ka sa da hannunka. Ranar da shafin ya isa a nuna wa jama'a, ka kama haya a sabar da aka tanada don haka.