PlayStation kaɗai ta ishe ni, ko sai na haɗa da wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da PlayStation 5, kuma yawanci ƙwallo nake bugawa, sai Call of Duty. Abokaina sun ishe ni da cewa wanda ba shi da Xbox ko Nintendo bai san gem ba, wai akwai wasanni da yawa da suke wuce ni. Da gaske ne na'urar kamfani ɗaya ba ta isar mutum? Na ɗan tara kuɗi, ina so in ji shawararka kafin in taɓa su.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ta ishe ka, ɗan'uwa, kuma hujjar tana cikin tambayarka. Wasanni biyun da ka ambata ana samun su a PlayStation, ana samun su a Xbox, ana samun su a kwamfuta. Idan ka sayi Xbox gobe, ƙwallon da kake bugawa yau ita za ka tarar a can, da 'yan wasa iri ɗaya, sai dai hannun, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, ya bambanta.

Maganar abokanka tana da asali, amma ta tsufa. A da kowane kamfani yana ɗaure manyan wasanninsa a na'urarsa: mai son Halo ko Forza dole ya nemi Xbox, mai son God of War dole ya nemi PlayStation. A 'yan shekarun nan katangar ta fara rushewa, musamman ta ɓangaren Microsoft, kamfanin da ke da Xbox. A 2024 suka saki wasu wasanninsu huɗu zuwa na'urorin abokan hamayya, ciki har da Sea of Thieves da Hi-Fi Rush. A 2025 Forza Horizon 5 da Gears of War suka shiga PlayStation 5, abin da a baya ko a mafarki ba a zata ba. Shi kansa Call of Duty ɗin da kake bugawa mallakar Microsoft ne tun da suka kammala sayen Activision Blizzard, kamfanin da ke yin wasan, a watan Oktoban 2023 kan kusan dala biliyan 69, kuma sun sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 da Sony, masu PlayStation, cewa wasan zai ci gaba da fitowa a PlayStation. Su ma Sony tun 2020 suka fara kai wasu wasanninsu kwamfuta, God of War da Spider-Man duka sun je can a 2022.

Don haka a yau haɗa PlayStation 5 da Xbox Series X kusan sayen abu ɗaya ne sau biyu. Dukansu a watan Nuwamban 2020 suka fito, dukansu kamfanin AMD ne ya ƙera musu ƙwaƙwalwa, ƙarfinsu kuma bai yi nisa da juna ba. Abin da Xbox ke jan mutane da shi yanzu shi ne Game Pass, inda ake biyan kuɗi wata-wata a buga wasanni masu yawa. Yana da amfani ga mai son ɗanɗana wasa iri-iri, amma shi ma akwai na kwamfuta.

Nintendo ne kaɗai har yanzu ya kulle ƙofarsa da gaske. Manyan wasannin Mario da Zelda da Pokémon ba za ka gan su a PlayStation ko Xbox ba. Ga kuma Switch, wadda ta fito a 2017, da ƙanwarta Switch 2 ta watan Yunin 2025, ana iya cire su daga talabijin a riƙe a hannu a tafi da su. Idan har za ka ƙara na'ura ta biyu, wannan ce za ta kawo maka abin da ba ka da shi. Sai dai ka tambayi kanka da gaskiya: akwai wasanni uku na Nintendo da za ka iya kiran sunansu yanzu, waɗanda ranka yake so? In ba ka iya ba, zugar abokai ce kawai ke aiki.

Abin da masu zuga ba sa faɗa shi ne kuɗin na'ura ba ya ƙarewa a ranar saye. Kowane kamfani yana da nasa kuɗin buga wasa da mutane ta intanet: PlayStation Plus daban, na Xbox daban, Nintendo Switch Online daban. Wasannin kyauta irin Fortnite ne kawai aka ɗauke wa wannan. Hannun PlayStation ba ya aiki a Xbox kai tsaye, sai ka sayi wani. Sannan ga lokaci, wanda ya fi kuɗin tsada. Babban wasa guda yana iya cin awa hamsin ko fiye kafin a ga ƙarshensa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya saba faruwa shi ne na'ura ta biyu ta zauna ƙarƙashin talabijin tana shan ƙura. Ranar da ka tuna da ita ka kunna, sai ka tarar hannu ba caji, ita kanta tana neman sabuntawa, wasan ma yana jiran sauke gigabait masu yawa. Kafin a gama, sha'awar ta tafi, ka koma wa ƙwallonka.

Idan kuwa damuwar ita ce abokanka suna Xbox kai kana PlayStation, Call of Duty da Fortnite da wasan ƙwallo na EA Sports FC duk suna barin masu na'urori daban-daban su haɗu a wasa ɗaya. A ƙwallon dai a lura, mai PS5 da mai Xbox Series ne ke haɗuwa, mai PS4 kuma da mai Xbox One. Da ni ne kai, da wani sashe na kuɗin zan ƙara wa PS5 ɗin ma'aji, domin a gigabait 825 na samfurin farko, kusan 667 ne kawai ke hannunka, Call of Duty kuma yana cin wuri sosai.

Tambaya: Malam, ni kuma so nake in sayar da Xbox ɗina in koma PlayStation. Wasannin da na saya ta intanet za su biyo ni?

Amsa: Ba za su biyo ka ba. Duk wasan da ka saya a shagon Xbox yana ɗaure da asusunka na Microsoft, kuma PlayStation ba ta san da shi ba, sai ka sake saye. Ba su ɓace ba dai: duk ranar da ka shiga asusun a wata Xbox za ka same su, waɗanda ke da alamar Play Anywhere ma za ka iya buga su a kwamfuta mai Windows. Wasu wasannin, kamar Fortnite, suna ajiye matakin da ka kai a asusun kamfanin da ya yi wasan, don haka wannan zai bi ka idan ka haɗa asusun tun kafin ka sauya. Masu faifai kuwa ka sayar da su tare da na'urar. Kafin ka miƙa ta ga mai saye, ka cire asusunka da katin bankinka, ka goge komai ta koma yadda ta fito daga kamfani.