Kafin ka sayi 'yar maraƙar madara, je ka ga uwarta ana tatsa

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce ka samu fili a wajen Ikorodu, kana so ka riƙa sayen 'yan maruƙa mata na shanun madara, ka raine su har su zama karsana ka sayar. Ka ce kuma wani dillali ya nuna maka guda biyu masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, ya ce Firiziyan ne tsantsa, wato shanun madara na Turai, har da takarda, kana tambayar yadda ake gane asali. Na daɗe ina wannan harka tsakanin Agege da Epe, to ga abin da na sani.

Ka fara cire launi daga lissafinka. Baƙin Firiziyan yana rinjayar farin Bunaji, wato fararen shanunmu na gida masu tozo, don haka maraƙar da jinin waje bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu a jikinta ba tana iya fitowa da wannan kalar, ta girma ta ba ka madarar da ba ta fi ta farar saniya da komai ba. Tozo ya fi launi faɗin gaskiya. In tozon ya fara tasowa sosai, fatar wuya na reto, to jinin gida ya yi yawa, ko me takarda ta ce. Ita kuwa takarda, a ƙasashen da ke da ƙungiyoyin rajistar shanu tana da daraja don akwai mai bin sawu. A nan kowa na iya buga ta a shagon kwamfuta.

Asalin da zai yi maka amfani shi ne uwar, kuma gani ya kori ji. Je gonar da aka haifi maraƙar, ka tsaya a tatsi uwar a gabanka. Tatsa ɗaya ba ta isa ba, domin tsohuwar dabara ce a ƙi tatsar saniya da yamma don hantsa ta cika ta batse kafin mai saye ya iso da safe. Ka ga tatsar yamma har a tsiyaye ta tas, ka dawo da asuba ka ga ta safe, ka haɗa biyun, wannan shi ne abin da take bayarwa a yini. Sannan ka tambayi wata nawa ke nan da haihuwarta. Saniya tana kai ƙololuwar madararta ne wajen wata ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa, daga nan ta riƙa sauka. Lita 12 a wata na biyu daban, lita 12 a wata na bakwai daban, ta wata na bakwan ita ce saniya. Masu kiwon zamani da kwana 305 suke auna madarar haihuwa ɗaya, saboda tsawon lokacin da saniya ke riƙe madara ya fi yawan ta rana ɗaya muhimmanci. Da yawa daga masu jinin gida kafin su kai nan sun ƙafe. Wasu kuma ba sa sakin nono sai an kawo ɗansu ya fara tsotsa, abin da mai ƙaramar gona a Legas ba ya so, kuma 'ya'ya na iya gadon halin.

Kana tsaye a wurin, dubi hantsar. Ta kasance a ɗaure da jiki, kada ta zubo ƙasa da gwiwar baya, kawunan nono huɗu daidai wa daida, babu wanda ya mutu ko ya yi tauri. Ka tambayi haihuwarta nawa da shekarunta. Saniyar da ke haihuwa kusan kowace shekara ta fi mai madara da yawa wadda sai ta yi shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba. Kada ka tambayi mai gonar kaɗai. Yaron da ke tatsa ya fi shi sani, kuma in ka ja shi gefe da ɗan abin goro zai gaya maka wadda ke harbi da wadda ta taɓa ɓari.

Sai uba, wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi alhali rabin jinin nasa ne. Uwa rabi, uba rabi, kowane kaka kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka in an ce maka kakarta daga Holan aka kawo ta, an ba ka labarin rubu'i ne kawai, saura uku ba ka ji ba. In bijimin gonar ne, a nuna maka shi, mafi kyau ma a nuna maka 'ya'yansa mata da suka riga suka haihu. Ka tabbata ba shi ne ya haifi uwar ba, don a ƙananan gonaki bijimi ɗaya kan daɗe har ya riƙa hawan 'ya'yansa, a samu maruƙa marasa ƙwari masu wuyar ɗaukar ciki. In kuma ɗurin maniyyi aka yi, tsinken da ake adana maniyyin yana ɗauke da sunan bijimin da lambarsa, gona mai tsari tana rubuta su da ranar da aka yi. Ka ƙirga da kanka. Cikin saniya kwana 280 ne da 'yan kai, kuma takan nemi barbara duk bayan kwana 21. Idan haihuwar ta wuce lissafi da mako uku, ɗurin bai kama ba, wani sa ne ya hau ta a zagaye na gaba, sunan da ke takardar ba ubanta ba ne.

Yanzu maganar "tsantsa" ɗin nan, da ita ake cin kuɗin sababbin shiga. Ko da gaskiya ce, ni ba zan ba ka shawarar saye ba. Legas zafi ne haɗe da laima, ga kaska, ga ciwon fata na kirci da damina, ga ƙudan tsando mai kawo sammore a dazuzzukan gefen ruwa. Firiziyan tsantsa tana son fanka da yayyafin ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa, in babu sai ta tsaya tana haki, ta rage cin abinci, madara ta faɗi, ciki ya ƙi shiga. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta yi shekaru tana haɗa Firiziyan da Bunaji, kuma abin da aka gani a can da sauran ƙasashe masu zafi shi ne rabi da rabi ta fi jure wahala a hannun talaka. Mutanen Barazil ma da suka fitar da irin saniyar madara da ake kira Girolando, sun tsayar da ita ne a kashi 5 cikin 8 na Holstin (wato Firiziyan), 3 cikin 8 na Gir mai tozo. Amma ka lura, rabi da rabin da nake nufi ita ce haɗin farko, uba na waje tsantsa, uwa ta gida. In an haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, 'ya'yan kan warwatse, wata ta yi kyau wata ta koma baya, ba ka san wadda ka ɗauka ba sai ta haihu. Ni dai a wannan yanayi namu na fi son haɗin Jazi, wata irin saniyar madara ta Turai. Ƙaramin jiki gare ta, cinta kaɗan, ta fi jure zafi, madararta ta fi mai, masu yogot na son ta. Aibinta ɗaya, in harka ta ƙi ka kai ta mayanka, mahauta ba sa taya ta da daraja.

Abu biyu da takarda ba ta faɗa. Na farko, ka tambaya ko tagwaye aka haifa. Macen da ta zo tagwaye da namiji, kusan tara cikin goma juya ce, kuma a ido ba ta da aibi, sai ka ciyar da ita shekara biyu kafin ka gane. Irinsu ne ake saurin fitarwa kasuwa da araha. Na biyu dakashi, wato nonon farko na uwa. Maraƙar da ba ta sha shi sosai ba a sa'o'in farko bayan haihuwa, zawo da ciwon huhu za su yi ta bin ta, ko 'yar wace ce. Ka kuma nemi likitan dabbobi ya gwada uwar don bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka, biyun duka suna kama mutum ta ɗanyar madara.

Shi ya sa ba na sayen 'yar raino a Oko-Oba ko Karar Berger. Kasuwannin nama ne, dabba ta bi hannu da yawa kafin ta sauka daga tirela, babu mai iya kai ka wurin uwarta. Gonakin Ogun da Oyo sun fi, musamman wajen Iseyin da Fasola inda kamfanin madarar Peak ke karɓar madara a hannun makiyaya, an daɗe ana ɗurin maniyyi a can.

Ka kuma sani gado bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na bambancin madara tsakanin shanu ba, saura ciyarwa ce da kulawa. Tun 2021 dokar jihar Legas ta hana kiwon sake, ke nan duk abin da za ta ci kai za ka yanko ko ka saya, ciyawa, dusa, ƙulin auduga, gishirin lasa. Kuɗin ciyar da mai kyau da marar kyau ɗaya ne, don haka rangwamen da ka samu ranar saye ba ya biyan asarar ranar sayarwa.

Tunda sayarwa za ka yi, kai ma ranarka na zuwa da za a yi maka waɗannan tambayoyi. Daga ranar da ka sauke maraƙa ka sa mata lambar kunne, ka buɗe mata shafi a littafi: ranar haihuwa, uwa, uba, allurai, nauyinta kowane wata. Ka ɗauki bidiyon uwar ana tatsa da hoton tsinken maniyyin ka ajiye a waya. In da hali kada ka sayar sai ta ɗauki ciki likita ya tabbatar, karsana mai ciki ita ce ake rububi.

Su kuma waɗancan maruƙa biyun da aka nuna maka, ka ce wa dillalin ya kai ka gonar da aka haife su, kai za ka biya kuɗin mota, la'adarsa kuma tana nan ba za ta ragu ba. In ya fara cewa mai gonar ya yi tafiya ko uwar an sayar da ita, ka taya su a farashin nama.